Farin Kafet

"Ku cire takalmanku tukuna," in ji mai gidan, yana tare ƙofar falo da hannu biyu.

Fitata ta farko ke nan a aikin kashe gobara. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin baya, inda mahaifiyarsa ke kwance, ba ta iya tafiya. Ta falon kaɗai ake isa wurinta.

"Yallaɓai, rai ne fa a ciki!" in ji oganmu.

"Na sani mana, ai uwata ce. Amma jiya aka shimfiɗa kafet ɗin nan."

Oga ya ture shi gefe kamar labule, muka ja mesa muka tattake farin kafet. Na goyo tsohuwar, tana tari tana sa mini albarka.

Muna fitowa ɗan ya rugo, idanunsa cike da hawaye. Na sunkuya domin ya karɓe ta. Ya wuce mu, ya durƙusa a bakin ƙofa yana goge sawunmu da hannun rigarsa.

Tsohuwar ta ƙara riƙe wuyana.

"Mu je, ɗana," ta ce.