Akuyar Inno da Ba'indiye

Yau ma Menon, Ba'indiyen da aikin gurzar auduga ya kawo Funtuwa, ya tsaya ƙofar Inno yana ta yarensu, yana nuna akuyarta da lambunsa. Maƙwabta sai dariya.

"A kan alayyaho zai tozarta ni? Zai gani," in ji Inno.

Ta san ba ya cin nama. Ta sa aka yanka akuyar, ta dire masa cinya guda a bakin ƙofa.

Menon ya durƙusa yana kuka, yana ta magana da Turanci. Raufu akawu, mai jin Turanci, ya saurare shi, ya juyo.

"Inno, ba ƙara yake kawowa ba. Roƙonki yake ki daina ɗaure ta. Duk garin nan ita kaɗai ke cin abinci tare da shi."