Kujerar da Zainulabideen Ya Mayar

Zainulabideen ya tsaya a zauren gidan su Ummusalma a unguwar Gangare, muryarsa a dishe saboda gangamin 'yan dakon kasuwar Farin Gada. Shi ne shugaban jam'iyyar ma'aikata da talakawa. Mahaifinta ya ce ba zai ba shi aurenta ba sai ya karɓi kujerar kwamishinan da gwamnati ta yi masa tayi, ya daina kwana a hannun 'yan sanda.

"Na mayar musu da kujerarsu," ya ce wa Ummusalma.

Ta ɗago ido a hankali. "Ka san sharaɗin Baba."

"Na sani. Amma mutanen da suka ɗauke ni a kafaɗa, da wane ido zan kalle su daga cikin motar gwamnati? In kin ce in tafi, ba zan ga laifinki ba."

Ta murza bakin mayafinta. Can murmushi ya ƙwace mata.

"Da ka karɓa, Kwamared, da ni da bakina zan sallame ka." Ta matsa gefe ta ba shi hanya. "Gyara hularka. Baba yana ciki, kuma tare za mu shiga."