Tagar da Aka Auna

Takardar ta iske Naliaka tana kakkaɓe garin masara daga girarta. Layi uku ne kacal. Wani ya kai ƙorafi a kan injinan niƙanta, an zo ranar Alhamis an auna rugugin, an sami desibel saba'in da ɗaya inda doka ta tsaya a hamsin da biyar. Kwana goma sha huɗu aka ba ta, ko ta gyara ko a garƙame wurin.

Ita dai ba ta san desibel ba, balle danginsa. Abin da ta sani, shekara goma sha tara injinan nan biyu suna riƙe da gidanta a Kitale, kuma sunan mahaifinta ne a jikin lasisin, don da gadonsa ta saye su. Abin haushin ma, ba ta cika tayar da su tare ba. Alhamis ɗin nan ce kawai, da mijinta Makokha ya kawo buhu goma sha biyu na zaman makokin wani kawunsa, ya ce ana so kafin la'asar. Ka ji rashin sa'a!

Ba ta tsaya dogon tunani ba. Wa ke toshe kunne da auduga duk sanda ya zo wucewa in ba Mwalimu Sifuna ba, tsohon malamin da ke tsallaken titi? Ta tsallaka da garinta da komai, ta tsaya a ƙofarsa ta wanke shi tas, masu babur suna kallo.

“Tuwon ugalin da kake ci daga sama yake faɗowa? Munafuki!”

“Maman Simiyu,” in ji tsohon, “ni da baki nake faɗa, ba da takarda ba.”

Ko sauraronsa ba ta yi ba. A gida Makokha ya zuba mata shayi, ya lallashe ta. Tun da ya ajiye tuƙin babbar mota shekara uku da suka wuce ya zama mutum mai sanyi, ba ya son hayaniya. “Ki bar wa Allah,” ya ce. “In ma sun rufe, ba ga gonarmu a Kimilili ba? Ai ba za mu kwana da yunwa ba.” Ta so ya raka ta ofishin muhalli, amma gwiwarsa ta tashi a ranar, sai ta tafi ita kaɗai.

Jami'in, wani dogo mai suna Kemboi, ya nuna mata na'urar. 'Yar abu ce kamar wayar hannu, da ƙwallon soso a kanta. Ya ce ba a bakin inji ake aunawa ba, a tagar wanda abin ya dama ake kafa ta, a bar ta minti goma tana saurare. Suna kuwa ba zai faɗa ba, ko za ta kwana a nan. Amma in ta gyara, tana da ikon tsayawa ta ga awo na biyu da idonta.

Wannan ya ishe ta. Za ta tsaya a falon Sifuna ta dube shi ido cikin ido.

Kwana goma sha biyu ta yi tana fama. Ta manna tsofaffin katifu a bango, ta jera buhunan ƙaiƙayin katako a ƙarƙashin kwano, ta sa aka ɗaga injinan aka shimfiɗa musu robar taya, aka canza salansa. Hannuwanta duk suka faffashe. Makokha yana riƙe mata tsani yana girgiza kai, wai wahalar ta yi yawa ga mace mai shekarunta. Wallahi har tausayinsa ta ji, ganin yadda ya damu da ita.

Ranar awo ya ce ta zauna wurin injinan kawai, kada ta je ta ƙara jawo wa kanta magana da malamin nan, shi zai ɗan kishingiɗa. Ta ce to. Amma da Kemboi ya iso da ƙarfe goma, zuciya ta ci ta. Ta tayar da injinan biyu, ta bar su a hannun Auma mai taya ta aiki, ta yafa gyale ta bi bayansa.

Kemboi bai tsallaka titi ba. Ko kallon ƙofar Sifuna bai yi ba, ya karya kwana ya shiga lungun bayan injin. Naliaka ta bi shi ciki. Ashe tsohon nan alhakinsa ta ɗauka a banza! To wane ne? Suka wuce gidan tela. Suka wuce gidan matar da take niƙa wa kyauta tun da mijin matar ya rasu, ta sauke ajiyar zuciya. Suka wuce na mai gyaran keke. Gida ɗaya ya rage a lungun, ita kuwa ta san ƙofar nan sarai tun kafin jami'in ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa.

Ya waiwayo cikin ladabi. “Mama, ki ɗan dakata a nan, sai dattijon gidan ya yarda baƙuwa ta shiga masa gida.”

Aka zare sakata.

“Ofisa, barka da dawowa, tagar ran nan ce dai ko?” in ji Makokha da fara'arsa, sannan ya hango matarsa tsaye a bayan jami'in.