Mai Tuwo da Tukunyar Maƙwabcinsa

Tun da ka kawo ƙarar maƙwabcinka, gyara zama in ba ka wani misali.

A wani gari na bakin kogi an yi wani mai gidan abinci, tuwo da miyar kuka yake sayarwa, kuma ba laifi, asirinsa a rufe. Ana nan sai wani masunci da ƙarfinsa ya ja baya ya ajiye komar kamun kifi, ya kama rumfar da ke jikin ta mai tuwon. Shi ba ya dafa komai sai kifi, shi ma sai ranar kasuwa da la'asar. Zai girka wata ƙatuwar tukunya a ƙofar rumfa, ya zuba doya da albasa da attarugu da daddawa, sai sun nuna sannan ya jera tarwaɗa da ragon ruwa a sama ya rufe, ba ya juyawa don kada kifin ya dagargaje. In ya ɗaga murfin nan, ko mai azumi sai ya kau da kai. Mutane su cika benci, a haɗa kai a faranti ɗaya, ana shan romo ana share gumi ana shewa. Shi kuwa mai tuwo yana daga rumfarsa yana kallo, zuciya kamar ta fashe. Duk lomar da aka kai baki a can, ji yake daga tukunyarsa aka ɗebo. Hassada ce tsagwaronta, har ramewa ya yi. Ya fara da raɗa, wai kifin kwanan jiya ne. Ba wanda ya kula shi. Ya sayo kifi ya gwada nasa, ya yi ta juyawa kamar mai tuƙa tuwo, ya sauke fate mai ƙaya.

Da ya ga ba sarki sai Allah, sai ya wanke ƙafa ya tafi wajen sarkin kasuwa, ya marairaice: hayaƙi zai makantar da shi, kuma wutar nan wata rana sai ta lashe rumfunan mutane. Aka ce masunci ya ɗauke tukunyarsa. Bai yi musu ba, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya kinkime ta zuwa gindin wata tsamiya a mashigin da kwalekwale ke sauke fasinja. A ranar, mai tuwo har ƙarin man shanu ya yi a miya don murna, ya share benci ya zauna jiran jama'ar da ya ƙwato. Shiru. A can kuwa, duk wanda ya sauko daga jirgi da tukunyar yake fara cin karo, har mutanen ƙetare suka riƙa tsallakowa musamman. La'asar ta yi sanyi, tuwo ya sandare a kwano, sai ga wani tsohon mai ciniki zai wuce. Mai tuwo ya tare shi da ƙorafi. Mutumin ya ce, "Ai malam, ƙamshin kifin nan ne ke jawo mu layinku. In mun rasa wurin zama a wajensa, sai mu faɗo wajenka."

Ka ji wanda ya kori kasuwarsa da bakinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.