Kwalin Auta

Wani takalmin ya sake faɗawa jan kwando, allon da ke saman layi kuma ya sake nuna lambar Sannu-Sannu.

Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da tura fata ƙarƙashin allura, yana jin idanun sauran maɗinka a ƙeyarsa. A wannan masana'antar takalman aiki ya samo sunan, don ba ya sakin takalmi sai ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga dunduniya har baki.

Da can babu mai sanin ɗinkin wani. Sai kamfani ya kawo wasu ƙananan alamu, kowace ba ta wuce farce ba. Kowane maɗinki da kwalin alamunsa a gefen keken ɗinki. In ya gama takalmi, sai ya cusa alama ɗaya ƙarƙashin harshen ya ɗinke. Takalmin na ratsa ƙofar bincike, na'ura za ta karanta alamar ta iska kamar yadda rediyo ke kama tasha, ta faɗi mai aikin. Masu duba inganci na ganin ɗinki ya karkace, sai jan kwando, sai lamba a allo.

Lambar Auta ba ta taɓa hawa ba.

Auta ƙaninsa ne, ciki ɗaya. Shi ya roƙa masa aikin, shi ya koya masa riƙon fata. Yanzu ga shi a keken kusa, yana ɗinki yana zuba, rabin idonsa a kan 'yan matan sashen manne, amma duk abin da ya ɗauki lambarsa wucewa yake salin-alin. Manaja in ya zo zagaye, kafaɗar Auta yake dafawa. A gida ma Inna ta samu abin faɗa.

"An ce hannun Autana kamar inji. Kai ma ka riƙa leƙa yadda yake yi mana."

Ya yi murmushin yaƙe.

Sai aka ce za a naɗa shugaban layi, kuma allon nan ne zai raba gardama.

Ranar Litinin da safe ya tarar da injiniyar da ke kula da na'urorin tana miƙewa daga tsakanin kekunansu, Auta yana ba ta dariya. Ta gaishe shi har da rusunawa. Ya amsa a daƙile. Wato har ita ma ta shiga sahu.

Da aka tashi hutun rana ya ce kansa na ciwo, ya zauna. Ɗakin na yin shiru ya juye alamun Auta a hularsa, ya zuba nasa a kwalin Auta, ya cika nasa kwalin da na cikin hula. Ƙirjinsa ya yi sanyi. Bari ɗan lelen Inna ya ɗana, ya ji yadda ido ke cizo.

Bai ɓata ɗinki da gangan ba. Hannunsa ba zai yarda ba, kuma a ganinsa babu buƙata, tunda allo ya daɗe da shaidar irin aikinsa.

Da la'asar takalmi ya faɗa kwando. Ya ɗaga ido da sauri. Lambarsa ce.

Washegari ma tasa. Rana ta uku ma haka. Ya fara satar kallon Auta. Lallai yaron nan ya gane, ya mayar da komai, ya yi shiru don ya nuna masa ya fi shi har a hali. Da Auta ya miƙo masa ruwan sanyi yana cewa, "Yaya, sha ka huce, ka ga gumi," ji ya yi kamar ya watsa masa a fuska.

Ƙarshen mako manaja ya tara su ya kira sunan Auta. Aka yi tafi. Sannu-Sannu ya haɗa tafukansa sau biyu ya koma kekensa.

Yana cikin kwance zare injiniyar ta zo ta tsaya kansa, ta sassauta murya.

"Baba, wallahi na so maka wannan kujerar. Na gano tun ranar da aka kawo kwalayen nan an juya naka da na ƙaninka. Na roƙi manaja ya jira mako guda, na ce in aka gyara zai ga allo ya juye. Ranar Litinin da safe na mayar wa kowa nasa." Ta girgiza kai. "To ka gani, babu abin da ya canza."

Ta wuce. Zaren ya suɓuce daga yatsunsa. Ashe da hannunsa ya dawo da kuskuren da ta gyara.

Duk takalman da ya yi ta yi wa hassada, shi ya ɗinka su.