Askin Ɗan Bawa

Tun da aka tono takardun likitan ƙwaƙwalwa na farko a garin, aka zuba su cikin na'ura, doka ta fito: duk wanda kakansa ya yi ciwon rawar hannu, ba shi ba riƙe aska ko sitiyari.

Ranar Talata Tanko wanzami ya je sabunta izininsa. Ya ɗora tafinsa a gilashi, na'ura ta ce zuriyarsa lafiya lau. Maƙwabcinsa Bawa direba ya ɗora nasa, fitila ta yi ja.

"Kai jama'a!" in ji Bawa. "Kakana har ya rasu da kansa yake zura zare a allura!"

A gidan su Tanko an san labarin. Kakan Tanko ɗan fari ne, uwarsa ce kuma ta kai shi wurin likitan saboda rawar hannu. Da aka tambaye ta sunan yaron, kunya ta hana ta faɗa, sai ta ambaci sunan ɗan maƙwabta, wato kakan Bawa. Likita ya rubuta.

A hanya Bawa ya dafa Tanko. "Wanzam, gobe sunan ɗana. Tuƙi dai ya ƙare, amma askin jariri naka ne. Ban yarda da hannun kowa ba."

Da safe aka miƙo jaririn cikin zane. Tanko ya jiƙa gashin, ya buɗe aska. Sai ya ga bakinta yana kaɗawa a hankali, ga shi ko iska babu.

"Bismillah mana, Wanzam," in ji Bawa, yana murmushi.