Lambar Da Babu Ita A Littafi

Ɗan sandan ya rufe ƙaton littafin rajista. "Baba, sai haƙuri. Wannan lambar motar babu ita a Ghana kaf. Jabu ce."

"To ka nemo wanda ya zana ta!" Uban ya buga tebur. "Ku ɗaure shi tare da direban!"

Shekaranjiya da hantsi wata tasi ta kaɗe 'yarsa a titin Nima, ta wuce ko birki ba ta taka ba. Mai kokon bakin titi ce ta haddace lambar, ta sa aka rubuta, ta kawo ofis. Shi uban bai ga takardar ba tukuna.

Shekara ashirin yana fentin allunan shaguna a Maamobi. Sau ɗaya tak ya saki layi, bara, da wani ya zo da tasi da aka shigo da ita daga Lome ta daji, ba takarda. "Masta, rubuta mata duk lambar da ta zo maka," in ji mutumin. Shi kuwa ya tsoma buroshi, ya rubuta ranar da ya fi ƙauna a duniya.

Ɗan sandan ya turo takardar. "Duba, ko ka taɓa ganinta."

Ɗaya, huɗu, sifiri, uku. Sha huɗu ga watan uku, ranar da aka haifi yarinyar.

Uban ya janye hannuwansa ƙarƙashin tebur. Har yanzu akwai farin fenti a farcensa.